Titi Ba Sahun Salla Ba Ne

Wani hunturu, a shekarun da ake tsaka da aikin hanyar Kano zuwa Abuja, na shiga Sharon za ni Kaduna. Sammako muka yi, hazo ya sauko sosai, rana ta fito fara fat kamar faifai, kana kallonta ido ba ya kawo ƙwalla. Muna wuce Kwanar Dangora direbanmu ya cim ma wata tirela da ta sha lodin buhuna, sai ya manne mata. Bai samu damar wucewa ba, don a wurin hannu ɗaya aka bari, motoci na ta ɓullowa daga cikin hazo ta gabanmu. Bai kuma ja baya ba. Ni ne a kujerar gaba, har ƙullin igiyar da aka ɗaure tamfol da ita nake iya ƙirgawa. Danjar tirelar ɗaya a fashe take, ɗayar ƙura ta rufe ta, ko an taka birki sai mai rabo ne zai lura.

Wata dattijuwa a kujerar tsakiya ta ce, "Ɗan nan, mai motar gaban nan bashinka ya ci?" Aka yi dariya. Direban ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Shekarata 15 a kan hanyar nan. In na ba da fili wani ne zai shige."

Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ke da ita ba. Kusan duk wanda ya riƙe sitiyari a ƙasar nan haka yake kallon filin da ke tsakanin mota da mota, kamar kuɗin tsintuwa, in ba ka duƙa ba wani zai duƙa. A masallaci an koya mana mu haɗa kafaɗa, mu toshe kafa, kada a bar gurbi a sahu, kuma hakan shi ne daidai. To sai ka rantse da wannan karatun muke fitowa titi. Babur mai ƙafa uku ma a Kano sunan da ya bi shi ke nan, Adaidaita Sahu, wanda ya gada daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Amma sahun salla a tsaye yake, kuma kowa zai ji kabbara kafin liman ya yi ruku'u. Sahun titi gudu yake yi, na gabanka kuwa ba zai yi maka kabbara ba kafin ya tsaya.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne kowa ya san hukuncin, amma sai bayan an yi karo ake tuna shi. Da zarar an ji "gau!" jama'a sun taru, mai shayi da mai faci da ɗan acaɓa duk bakinsu ɗaya: wanda ya bugi baya shi ke da laifi. Babu mai neman a buɗe littafi. Ko na gaba ne ya tsaya babu sigina, za a ce da kai, "Ai da ka ba shi tazara." Ashe dai mun san akwai wata aba tazara. Ranar biyan kuɗin gyara kawai muke saninta.

Bari mu yi lissafin da direban Sharon bai yi ba. Dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar mota iyakar kilomita 100 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, bas da tasi 90, tirela da tanka 60. Motar da ke kan 100 tana cin kusan mita 28 a kowane sakan ɗaya. Mutum mai lafiya, wanda ya yi barci ya ƙoshi, hankalinsa na kan hanya, yana bukatar sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da ɗora ƙafa a kan birki. Ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta sauka daga totur ta koma gefe. A wannan ɗan tsakanin motar ta riga ta tafi mita 30 zuwa 40 da cikakken gudunta, birki bai ma san ana yi ba. Tsawon ƙananan motoci bakwai ko takwas ke nan a jere. Direbanmu tsawon mota ɗaya ya bari, in an yi masa adalci a ce biyu. Wato ko sulusin sakan bai cika ba. Shekara 15 a hanya ba ta ƙara wa jijiyar ƙafa sauri. In ma akwai abin da take yi, rage shi take yi.

Sai kuma aikin birkin kansa. Littafin dokar tuƙi na Ingila ya ƙiyasta cewa mota mai gudun kilomita 96 tana bukatar mita 73 kafin ta tsaya cik, kuma a kan busasshiyar kwalta, da lafiyayyen birki, da taya mai kyau, da direba mai zafin nama. Mu tambayi kanmu nawa daga cikin waɗannan sharuɗɗa motar haya ta cika, wadda aka cusa wa mutum tara ko goma, aka ɗaure but da igiya saboda kaya, tayoyinta na gwanjo sun siɗe kamar tafin hannu. Kuma birki ba ya bin lissafin kasuwa: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai ci ninkawa yake sau huɗu. Da damina, musamman ruwan farko da ke kwaɓa ƙura da baƙin mai a kan kwalta, tazarar da ta ishe ka da rani sai ka ninka ta.

Wani zai ce ai na gaban ma ba tsayawa zai yi nan take ba, shi ma sai birkinsa ya ja shi, don haka muna tare. A hanyoyin Turai wannan magana tana da ɗan ƙamshin gaskiya. A namu kuwa ga inda gizo ke saƙar: sau da yawa na gabanka ba birki zai taka ba, kaucewa zai yi. Shi yana ganin hanya, kai bayansa kawai kake gani. Ya hango rami, ko tirelar da ta mutu a tsakiyar titi tun jiya aka jera mata ganye maimakon alama, ko saniyar da ta ɓalle daga garke, ko itacen da matasan gari suka gicciya don rage gudu. Sai ya murɗa sitiyari ya wuce abinsa. Labule ya yaye, kai da abin kun yi ido huɗu, shi a tsaye, kai a kan 100, tsakaninku mita 10. Wanda ya taɓa ganin ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin tirela ya san abin da nake nufi. Bayan tirela ya fi hancin mota tsawo, don haka ƙarfen da aka ƙera don ya sha duka ba ya taɓa komai. Gilashi ne ke fara isa, da kawunan da ke bayansa.

Ba daga kan mumbari nake wannan magana ba, ni ma na taɓa ɗanɗanawa. A cikin garin Kano ne, da yamma, ina bin wani mai adaidaita a hankali, gudun da bai kai a kira shi gudu ba. Waya ta yi ƙara a kujerar gefe, na ce bari in ga wane ne. Kallo ɗaya. A daidai lokacin wata mata ta ɗaga hannu a bakin titi, shi kuwa mai adaidaita in ya ga fasinja ko uwarsa ce a baya ba ya tunawa, ya dasa birki. Na ji ƙarar kafin in ga abin da ya faru. Fitila ta tarwatse, lagireto ya fashe, ruwa na tsiyaya a kwalta yana tururi. Allah ya taƙaita babu wanda ya ji ciwo, sai wata yarinya a cikin adaidaitar da ta bugi goshi tana kuka. Na fito ina shirin faɗa, wani dattijo mai sayar da lemo ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ne a baya." Na haɗiye maganata. Ko a kilomita 50, mota na cin mita 14 a sakan. Kallon waya na sakan biyu tafiyar mita 28 ce ido rufe. Kukan yarinyar nan ya fi kuɗin lagireto daɗewa a kaina.

Yadda ake auna tazara ba ya bukatar tef ko boko. Ka zaɓi wani abu a tsaye a gefen hanya, turken lantarki ko bishiya ko allo. Da motar gaba ta gota shi sai ka fara ƙirga. In ka iso wurin kafin sakan 3, ka matsa da yawa. A Ingila da Faransa sakan 2 suke koyarwa a matsayin mafi ƙaranci, a Amurka an fi cewa 3, ni kuwa da irin hanyoyinmu ban ga dalilin yin ƙasa da 3 ba. Kyan wannan awo shi ne yana miƙewa da kansa: a cikin gari sakan 3 wajen mita 40 ne, a kan 100 ya haura mita 80. Ni dabarata, maimakon ɗaya, biyu, uku da mutum kan yi da gaggawa ya yaudari kansa, sai in ce Subhanallah, Alhamdu lillah, Allahu akbar, a natse. Na gwada da agogon waya, kusan daidai yake fitowa. Ga awo, ga lada. In dare ne, ko hazo, ko ruwa, ko tirela ce a gabana, sai in maimaita sau biyu. Game da tirela akwai ƙari: in ba ka hango madubinta na gefe ba, to direbanta bai san da kai a duniya ba.

Yanzu mu koma ga hujjar direban, don ba za a ce ba ta da tushe ba. Gaskiya ne, in ka bar fili wani zai shige. Na sha gani, har ya shige ya waiwayo yana yi maka kallon wanda bai iya tuƙi ba. Na baya kuma ya dame ka da hon da walƙiyar fitila, kamar ka tare masa hanyar Aljanna. To amma me aka ƙwace maka? In mutum ya shiga gabanka ka sake ja baya, sakan 3 ka rasa. A ce daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, mota 20 ta yi maka haka. Minti ɗaya ke nan cif. Minti ɗaya, wanda ko tsayawa sayen rake a Tashar Yari ya fi shi. Kuma mai manne wa bayan mota ba ya isa da wuri, don gudun na gabansa yake yi, ko ya so ko ya ƙi. Abin da ya samu kawai shi ne jin cewa ba a raina shi ba. Mu faɗi gaskiya, rabin matsin da ake yi a titi girman kai ne, musamman in mai tsohuwar Golf ya ga dama ya sha gaban mai sabuwar mota.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsoro. A shekarun da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta yi ƙaurin suna, wajejen Rijana da Katari, babu direban da ke son a bar shi shi kaɗai cikin dare. Haka abin yake a hanyoyi da dama na Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Mutane kan haɗu su tafi a ayari, kowa na bin danjar na gaba, ita ce fitilarsa, ita ce mai nuna masa rami. Ban isa in ce wa mai wannan tsoro ya daina ji ba. Amma ko a nan lissafin bai goyi bayan matsi ba. Mita 80 ba ta raba ka da ayari, kana ganinsu suna ganinka. In kuwa abin da ake gudu ya faru, na gaba ya ci karo da shinge, wanda ya bar fili shi ke da wurin juyawa. Wanda ya manne ya zama ƙofar da ta rufe na gaba, na baya kuma ya rufe shi. Ko a gosulon cikin gari haka ne: in ka tsaya inda kake ganin tayoyin bayan motar gaba suna taɓa ƙasa, kana da wurin fita ba sai ka yi ribas ba, ko mota ce ta mutu a gabanka, ko masu ƙwacen waya ne suka ɓullo.

Shi kansa gosulon da muke matsi don mu tsere masa, sau da yawa matsin ne ke haifar da shi. A 2008 wasu masana a Japan suka wallafa wani gwaji: mota 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowane direba ya riƙe kilomita 30 kawai. Babu rami, babu danja, babu shingen bincike. Ba a jima ba sai ga cunkoso, har wasu motocin suna tsayawa cik. Mutum ɗaya ya ɗan taɓa birki, na bayansa da ya matso ya taka fiye da shi, na uku ya fi na biyu, haka abin ke tafiya baya kamar igiyar ruwa. Duk wanda ya taɓa shafe rabin awa a cunkoso, ya iso gaba ya tarar babu komai, ya ga wannan gwajin da idonsa. Fili tsakanin motoci shi ke shanye ɗan birkin na gaba kafin ya zama tsayuwar mutum ɗari.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka mutu a hanyoyin Najeriya a 2023, haka ma a 2024. Waɗanda labarinsu ya kai ofis ke nan, ban da wanda aka ɗauka daga bakin titi aka yi masa sutura kafin la'asar. Gudun wuce sa'a aka fi ɗora wa laifi, kuma ya cancanta. Sai dai gudu da matsi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Gudu ne ke sa karo ya yi muni, rashin tazara kuma shi ke sa kuskuren mutum ɗaya ya zama jana'izar mota uku.

In an yi irin wannan sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, kuma ba na son a mayar da ta'aziyya kotu. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da zancenmu. A hajjin bankwana, da aka taso daga Arfa, Annabi (SAW) ya ji hayaniya a bayansa ana dukan raƙuma, sai ya yi nuni ga mutane ya umarce su da natsuwa, ya ce nagarta ba a gaggawa take ba. Usama ɗan Zaidu, wanda yake goye a bayansa a wannan tafiya, ya ba da labarin cewa tafiya matsakaiciya yake yi, sai in ya samu fili sannan ya ƙara sauri. Buhari ya ruwaito duka biyun. Cunkoson dubban mutane da dabbobi, ga yadda aka bi da shi. Ban san me ya sa ba a cika jin wannan a huɗuba ba idan Sallah ta gabato, lokacin da tashoshi ke cika kowa na son ya kwana a gida.

Wurin da abin ya fi ba ni haushi shi ne ayari na gata. Motocin kai amarya, samari sun cika su, kowa na son ya nuna shi ne na hannun daman ango, hanci a gindin mota, ana hon ana kaɗa sitiyari. Ayarin manya kuwa da jiniya, su ma haka suke tafiya a ɗinke don kada wani talaka ya ratsa tsakaninsu. Yaron da ke tsaye a bakin titi yana kallo, abin da ya koya shi ne babban mutum ba ya barin fili. Ranar da ya samu motar haya, da balas a wuyansa da zai kai wa mai mota da yamma, me kake tsammani?

Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne a bar wannan a matsayin halin kowane direba shi kaɗai. Mai barin tazara a yau hukunta shi ake yi, a zage shi, a shige gabansa, fasinja ma su ce ba shi da hannu. Sai an sa abin ya zama ana gani. A Jamus ƙa'idar da kowane ɗan koyo ya haddace ita ce rabin abin da allurar gudu ta nuna: kana kan 100, ka bar mita 50. Turakun gefen hanyarsu mita 50 ne tsakaninsu, don haka ido kawai ya isa awo, kuma ana cin tarar mai matsi kamar yadda ake cin ta mai gudu. A manyan hanyoyin Faransa dogayen farin layi ne a gefe, an ce ka bar biyu tsakaninka da na gaba. Fenti ne fa kawai. Hanyar da aka kashe biliyoyi aka shimfiɗa ba za ta gagara fenti da allo da Hausa da ajami ba. Ƙungiyar direbobi kuma, wadda ke iya hana mota lodi saboda rashin biyan kuɗin tasha, tana iya hana ta saboda matacciyar danja. Ƙwan fitila nawa yake?

Kafin a kai can, akwai wanda ke da iko a cikin kowace mota amma ba ya amfani da shi, wato fasinja. Mukan yi shiru don kunya, ko don kada a ce mun cika tsoro, alhali kuɗinmu muka biya kuma wuyanmu ne a ciki. A Sharon ɗin nan, bayan dariya ta lafa, dattijuwar ba ta bar maganar ba. Ta ce, "Ɗan nan, ni jikoki na baro a gida. Wanda zai shige ya shige, Allah ya raka taki gona." Wani malami a baya ya ce, "Gaskiya Hajiya ta faɗa, direba a ɗan sassauta." Ni ma da nake gaba ina ta taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafata, sai a lokacin na samu bakin magana. Direban ya yi tsaki, ya ƙara muryar rediyo, amma ya ɗaga ƙafa. Tirelar ta yi gaba har ta koma inuwa a cikin hazo. Mota biyu suka shige gabanmu kafin Zariya, wata Golf da wata Hummer. Golf ɗin mun same ta a layin shiga Kawo, mota ɗaya ce tsakaninmu.